Sakan na Biyar Daban, Sakan Biyar Daban: Yadda Ake Karanta Lokaci a Lissafin Motsi

Duk shekara idan jarrabawar WAEC da NECO ta ƙarato, nakan tara 'yan aji shida da la'asar a gindin darbejiyar da ke bayan ofishin shugaban makaranta, mu yi bitar Fiziks. Makarantarmu a wani ƙauye take a ƙasar Ringim, ba mu da ɗakin gwaje-gwaje na a zo a gani, sai allo da alli da abin da Allah Ya hore. Na daɗe da lura cewa yaran da lissafin motsi yake kayarwa, galibinsu sun haddace ƙa'idojin tsaf. Ko cikin dare ka tashe su za su karanto maka v = u + at da s = ut + ½at² ba gargada. Harafin t ne yake yi musu ƙafar ungulu. Tambaya ta ce "a cikin sakan na biyar", yaro ya hango biyar, ya sure ta ya jefa a gurbin t, ya danna kalkuleta, ya ja layi biyu a ƙarƙashin amsa, ya fito yana fara'a. Alhali tambayar da ya amsa ba ita aka yi masa ba.

Zan riƙa cewa sakan a nan maimakon daƙiƙa, don wanda ya yi karatun Larabci ya san daƙiƙa a can minti take nufi, kuma rabin ɗalibaina daga Islamiyya suke wucewa su zo bita. A ƙa'idojin kuwa, u shi ne saurin da abu ya fara da shi, v saurin da ya kai, a yadda saurin yake ƙaruwa a kowane sakan, t lokacin da aka ɗauka, s kuma nisan da ya gusa daga inda ya tashi.

Mataki na farko: samo karan dawa

Gani ya kori ji. Ranar da zan fara wannan darasi nakan aiki yaro ya zaro mini kara ɗaya daga dangar maƙwabta, in datse shi daidai kan wani ƙulli, in ɗaga shi kowa ya gani. Kara yana da ƙulli, yana da gaɓa. Ƙulli wuri ne guda, ba shi da tsawon da za ka auna. Gaɓa ita ce abin da ke tsakanin ƙulli biyu. Haka lokaci yake a Fiziks. Akwai lokacin da yake kamar ƙulli, ƙiftawar ido, irin sa'ad da aka ce agogo ya nuna t = 4. Akwai kuma wanda yake kamar gaɓa, yana da farko yana da ƙarshe, irin daga t = 4 zuwa t = 5.

Sai in ɗauki biro in rubuta lamba a jikin kowane ƙulli. Wanda na datse a kansa, sifili nake ba shi, ba ɗaya ba. A nan kullum ake samun mai ɗaga hannu. Bara wata yarinya ce ta ce, "Malam, ai ƙirga daga ɗaya ake farawa." Na ce da ita, "To, ranar da aka haife ki, shekararki nawa?" Ta yi shiru, 'yan aji suka kwashe da dariya. Agogon awon gudu ma kafin ka danna shi sifili yake nunawa.

Da ka sa sifili a ƙullin farko, komai ya zauna. Gaɓa ta ɗaya daga 0 zuwa 1 take. Ta biyu daga 1 zuwa 2. Ta biyar daga 4 zuwa 5. Kowace gaɓa da ƙullin da ta ƙare a kansa ake kiranta, ba wanda ta faro daga kansa ba. A ɗakin jarrabawa ba za a bar ka ka shiga da kara ba, amma ba mai hana ka jan layi a gefen takarda ka yi masa 'yan tsage-tsage, ka rubuta 0, 1, 2, 3 har zuwa inda tambaya ta tsaya. Kada ka taɓa kalkuleta kafin ka ja wannan layi.

Mataki na biyu: mayar da maganar tambaya lamba biyu

Wannan ne gundarin aikin. Kowace jimla da ta ambaci lokaci, tambayi kanka: ƙulli take nufi ko gaɓa? In gaɓa ce, daga ina zuwa ina? Rubuta lambobin biyu a fili.

Bahaushe ya riga ya iya wannan lissafi, a watan azumi yake yin sa kullum ba tare da ya kira shi Fiziks ba. Ranar da kake ɗauke da azumi na biyar, in wani ya tare ka da hantsi ya ce nawa aka kai, huɗu za ka ce. Sai an sha ruwa sannan ka ce an kai biyar. Azumi na biyar yini guda ne tak, wanda ya fara bayan an kai huɗu. Azumi biyar kuwa kwanaki ne biyar a jere. Ba wanda yake rikita su a gida. To haka sakan na biyar yake: tsawonsa sakan ɗaya ne rak, daga 4 zuwa 5. Sakan biyar na farko kuma daga 0 zuwa 5.

Kuma mun saba raba watan uku, goma na marmari, goma na wuya, goma na ɗokin sallah. Goman farko daga farkon wata zuwa cikar goma, na tsakiya daga goma zuwa ashirin. Idan tambaya ta gama magana a kan sakan biyar na farko, sannan ta ce "a sakan biyar masu biyowa", goman tsakiya take nufi a ƙaramin sikeli, wato daga 5 zuwa 10. In ta ce "sakan biyu na ƙarshe", sai ka san yaushe tafiyar ta ƙare tukuna, sannan ka ƙirgo baya, kamar yadda ba a sanin daren ƙarshe na azumi sai an san ko wata zai yi nusan.

Sauran maganganun ƙulli ne. "Bayan sakan biyar" da "a ƙarshen sakan na biyar" duk wuri ɗaya suke nunawa, t = 5. Amma "a farkon sakan na biyar" t = 4 ne, kuma shi ne dai "ƙarshen sakan na huɗu". Ƙulli ɗaya, suna biyu, don yana tsakanin gaɓa biyu ne.

Takardar jarrabawa da Turanci take zuwa, kuma duk wannan bambanci a kan 'yan ƙananan haruffa ya rataya. In ka ga an maƙala wa lamba wutsiya, 5th ko 3rd ko 2nd, kalmar sakan kuma ta zo tilo, gaɓa ɗaya ake nufi. In lambar ta zo tsirara, kalmar sakan ta ɗauki harafin s na jam'i a ƙarshe, gaɓoɓi ne a jere. Nakan sa ɗalibai su kewaye wannan wutsiya da biro tun a karatun farko.

Akwai wata alama kuma da take taimako. Idan ana neman sauri, yawanci ƙulli ake so, domin sauri a ƙiftawar ido ake karanta shi, kamar allurar da ke gaban direba. Idan nisa ake nema, ko matsakaicin sauri, dole gaɓa ce, don ba abin da yake yin tafiya a cikin lokacin da ba shi da tsawo.

Mataki na uku: lissafin kansa

Mu ɗauki ɗan acaba a bakin tasha ranar kasuwar Gujungu. Yana tsaye cik, fasinja ya hau, ya ja babur, saurinsa yana ƙaruwa da mita 2 a sakan a kowane sakan. Wato u = 0, a = 2 m/s². Tun da u sifili ne, nisan da ya yi daga tasha a kowane lokaci shi ne ½ × 2 × t², wanda ya zama t² kawai. Rubuta a ƙarƙashin kowane ƙulli: a t = 1 yana mita 1 daga tasha, a 2 mita 4, a 3 mita 9, a 4 mita 16, a 5 mita 25.

Nisan da ya yi a sakan biyar na farko, mita 25. Nisan da ya yi a sakan na biyar, ɗauki inda yake a ƙarshen gaɓar ka debe inda yake a farkonta: 25 − 16 = mita 9. Dubi tazarar da ke tsakanin 25 da 9, kuma duk biyun za ka tarar da su cikin zaɓin A zuwa D, domin masu tsara tambaya sun san inda yara suke zamewa.

A sakan biyar masu biyowa fa? Daga 5 zuwa 10 ke nan. A t = 10 yana mita 100, saboda haka 100 − 25 = mita 75. A nan akwai kuskuren da ya fi na farko wayo. Yaro ya gane gaɓar tsawon sakan biyar ce, sai ya sa t = 5 a ƙa'ida, ya bar u a sifili, ya sake samun 25. Ya manta cewa a lokacin da gaɓar ta fara babur ba a tsaye yake ba, ya riga ya kai mita 10 a sakan. In za ka sake kunna agogo daga tsakiyar tafiya, dole ka sake u shi ma: s = 10 × 5 + ½ × 2 × 25 = 50 + 25 = 75. Hanya biyu, amsa ɗaya. Ni dai hanyar debewa na fi so wa mai koyo, don ba ta buƙatar ya tuna sauya komai.

Akwai gajeriyar ƙa'ida da littattafai suke kawowa ta nisan da aka yi a sakan na n, wato u + ½a(2n − 1). Ba sihiri ba ce, debewar nan ce dai aka yi ta da haruffa sau ɗaya aka huta. Gwada ta da babur: 0 + ½ × 2 × 9 = 9. Amma ina da wata dabara da na fi yarda da ita fiye da hadda. Muddin sauri yana ƙaruwa daidai wa daida, matsakaicin saurin kowace gaɓa shi ne saurin da ake yi a tsakiyarta cif. Tsakiyar sakan na biyar ita ce t = 4.5. Saurin babur a nan 2 × 4.5 = mita 9 a sakan, kuma gaɓar sakan ɗaya ce, don haka mita 9.

Amfanin wannan dabara yana fitowa ne idan aka juyo da tambaya ta baya. A ce wani abu ya yi mita 14 a sakan na uku, ya yi mita 22 a sakan na biyar, a nemo u da a. Tsakiyar na uku 2.5 ce, ta na biyar 4.5. Ke nan a t = 2.5 saurinsa 14, a t = 4.5 saurinsa 22. Ya ƙaru da 8 cikin sakan biyu, a = 4 m/s². Koma baya zuwa sifili: 14 − 4 × 2.5 = 4, u = mita 4 a sakan. Layi uku an gama.

Rijiya da lambobin mara

Abin da ya fi burge ni a wannan babi shi ne tsarin da yake ɓoye a ciki. Koma kan babur ka debe kowane ƙulli daga na gabansa: 1, 3, 5, 7, 9. Lambobin mara ne a jere. Duk abin da ya tashi daga tsaye, saurinsa yana ƙaruwa bai ɗaya, haka yake rabon tafiyarsa. Galileo, masanin nan ɗan Italiya, shi ya bayyana wannan a littafin da ya fitar a 1638. Ba shi da agogon hannu. Ƙwallon tagulla yake gangarowa a kan katako mai kwari, yana auna lokaci da nauyin ruwan da ya tsiyaye daga wani mazubi. Nakan gaya wa yara wannan don su daina cewa rashin kayan aiki ne ya hana su ganewa.

A ce rijiya ce mai zurfin mita 45 kafin a tarar da ruwa, aka saki tsakuwa daga bakinta. Jan ƙasa yana ƙara wa abin da ke faɗowa sauri da kusan 9.8 m/s², amma a jarrabawa galibi cewa ake a ɗauki wannan lamba, wadda ake kira g, a matsayin 10. Nisan faɗuwa 5t² ke nan. Sakan na farko mita 5, na biyu 15, na uku 25, jimla 45, tsakuwa ta taɓa ruwa a t = 3. Fiye da rabin zurfin rijiyar a sakan na ƙarshe kaɗai ta cinye shi. A takarda za ku yi wannan gwaji don Allah, kada in ji an je ana jefa duwatsu a rijiyar da gari yake sha, mai unguwa ya zo yana nemana.

Daga nan tambayar "sakan na ƙarshe" ta zama wasa. An ce abu ya faɗo daga sama, ya yi mita 35 a sakan na ƙarshe, daga wane tsayi ya faɗo? Ci gaba da jerin: 5, 15, 25, 35. Na huɗu ne. Tafiyar sakan 4 ce, tsayin 5 × 16 = mita 80.

Mataki na huɗu: duba ko tafiyar ta kai inda tambaya ta kai

Ƙa'ida ba ta da ido. Duk lambar da ka ba ta za ta nika ta miƙo maka gari, ko da abin da take bayani a kai ya daɗe da tsayawa.

Mota ce ɗauke da buhunan riɗi ta nufi Maigatari tana gudun kilomita 72 a awa. Raba da 3.6, ya zama mita 20 a sakan. Garken shanu ya fito zai tsallaka titi, direba ya taka birki, saurin yana raguwa da 5 m/s². An tambaye ka nisan da ta yi cikin sakan shida bayan taka birki. Mai gaggawa zai rubuta 20 × 6 − ½ × 5 × 36, ya samu 120 − 90 = mita 30. Sauri ya haifi nawa. Fara tambayar yaushe motar ta tsaya: 20 ÷ 5 = sakan 4. Daga 4 zuwa 6 tana tsaye ne, direba yana jiran shanu su wuce. Nisan gaskiya 20 × 4 − ½ × 5 × 16 = mita 40. Mita goman da suka ɓace, ƙa'idar ce ta ɗauka cewa birki ya ci gaba da tura motar da baya, abin da birki ba ya yi. Sa alamar tsayawa a kan layinka a ƙulli na 4, ba za ka faɗa wannan rami ba. Sakan na ƙarshe na tafiyar kuwa daga 3 zuwa 4 ne, tsakiyarsa 3.5, sauri a nan 20 − 17.5 = 2.5, wato mita 2.5.

Na biyu ya fi wannan santsi. Yaro ya harba ɗan dutse sama sak da danƙo, ya tashi da mita 25 a sakan. Wane nisa ya yi a sakan na uku? A t = 2 yana tsayin 50 − 20 = mita 30. A t = 3 yana 75 − 45 = mita 30. Debe, ka samu sifili. Ranar da na fara ba da wannan, wani yaro ya ce, "Malam, ke nan dutsen ya tsaya a sama yana hutawa?" Bai huta ba. Ya kai ƙololuwa a t = 2.5, tsakiyar gaɓar cif, a tsayin mita 31.25. Ya hau mita 1.25, ya sauko mita 1.25, ya dawo inda yake. In gusawa aka tambaya, sifili ce amsa. In tafiyar da ya yi aka tambaya, mita 2.5. Duk gaɓar da abu ya juya a cikinta, raba ta biyu a wurin juyawar, ka lissafa kowane ɓari shi kaɗai.

Mataki na biyar: idan masu tafiya biyu ne

Mai keke ya wuce gindin wata tsamiya yana tafiyar mita 6 a sakan. Bayan sakan huɗu mai babur ya wuce wurin yana mita 10 a sakan. Yaushe zai cim masa? Agogo ɗaya za ka kunna, ka kuma rubuta a fili yaushe ka kunna shi. Mu ce sa'ad da keke ya wuce tsamiya. A lokacin t, keke ya yi sakan t yana tafiya, babur kuwa t − 4, don shi ya makara. Wanda ya zo daga baya shi ake rage wa. Yara da yawa t + 4 suke rubutawa saboda sun ji kalmar "bayan". 6t = 10(t − 4), ya ba da t = 10, a mita 60 daga tsamiya. Sai ka sake karanta tambayar kafin ka rubuta amsa: in daga wucewar keke ake ƙirga, sakan 10, in daga wucewar babur, sakan 6.

Awa da minti kuma a yi hattara da su. Awa ɗaya da minti talatin 1.5 ce, ba 1.30 ba. Minti arba'in da biyar 0.75 na awa. Motar da ta tashi ƙarfe 7:40 ta isa 9:10 ta yi minti 90, wato sakan 5,400.

Karan nan yana bin ka har ɗakin gwaji. Akwai na'urar da take ɗiga ɗigo a kan zirin takarda yayin da ake jan sa. Da yake wutar lantarkin Najeriya sau 50 take kai-komo a sakan, ɗigo 50 take yi, tsakanin kowane biyu sakan 0.02. In aka zana maka ɗigo 11 a takardar tambaya, gaɓa goma ce, sakan 0.2, ba 0.22 ba. Haka wajen lilon da ake ɗaura wa ƙarfe a zare, wanda ake yawan cewa a auna lokacin kai-komo ashirin: sa'ad da ka danna agogo ka ce "sifili", sai ya je ya dawo sannan ka ce "ɗaya". Wanda ya fara da ɗaya sha tara ya auna, ya raba da ashirin, kuma duk jadawalinsa zai karkace.

Ga wadda na bar wa 'yan ajina ranar Alhamis da ta wuce, ku ma ku gwada. Kura ce ta ruwa ta suɓuce wa mai ita a gangare, ta tashi daga tsaye, saurinta yana ƙaruwa da 0.5 m/s². A nemo saurinta a farkon sakan na bakwai, da nisan da ta yi a cikin sakan na bakwai, da wanda ta yi a sakan huɗu masu biyo bayansa. Wanda ya ja layinsa daidai zai samu mita 3 a sakan, da mita 3.25, da mita 18.